Christiansborg Biyu: Ɗaya a Kwapanhagan, Ɗaya a Akra

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu Kwapanhagan, babban birnin ƙasar Danmak.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin nan, da wuya in ba hoton Nyhavn ya gani ba: jerin gidaje masu fentin ja da rawaya da shuɗi a bakin ruwa, ga jiragen katako a ɗaure a gabansu. In ba shi ba, to 'yar mutum-mutumin nan ce ta 'yar ruwa da ke zaune a kan dutse tun 1913, wadda tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba amma kullum ana layin ɗaukar hoto da ita. Birni ne mai kyau, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai allon da ake mannawa a jikin tsohon gini sunan sarkin da ya ba da umarni yake faɗa, da sunan wanda ya zana, da shekarar da aka gama. Da wuya ka ga ya faɗi inda kuɗin ya fito. Wannan tambayar nake so mu riƙe, mu bi gine-ginen tsakiyar birnin da ita, tafiyar da a ƙafa ma ba ta kai awa guda ba. Za mu ga cewa wani ɓangare na amsar yana nan kusa da mu, a gaɓar tekun Gana.

Mu fara daga inda birnin ya fara. A tsakiyar Kwapanhagan akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Slotsholmen, inda Bishop Absalon ya gina sansani a 1167 don tsare wani ƙauyen masunta da 'yan kasuwa. Sunan birnin da harshensu, København, ma'anarsa tashar 'yan kasuwa, ka ga tun asali ciniki ne ya haifi garin. A kan wannan tsibiri fadar Christiansborg take, kuma a cikinta majalisar dokoki da kotun ƙoli da ofishin firaminista suke, duk ƙarƙashin rufi ɗaya, ga kuma zaurukan da sarki yake karɓar baƙi. Hasumiyarta mita 106 ce, ta fi kowace hasumiya tsawo a birnin.

Baƙo zai ɗauka tsohon gini ne, alhali bai fi shekara ɗari da ɗoriya ba da aka aza tubalinsa. Shi ne na uku a wurin. Sarki Christian na 6 ya rushe tsohuwar fadar kakanninsa, ya fara gina sabuwa a 1733, ya sa mata sunansa. Gobara ta cinye ta a 1794. Aka sake ginawa, aka gama a 1828, wuta ta sake tashi a 1884. Wadda take tsaye yanzu an gina ta ne tsakanin 1907 da 1928, kuma a lokacin haƙa harsashinta aka ci karo da kufan sansanin Absalon, wanda yau ake sauka ƙarƙashin ƙasa a kalla. Daga fada ta farko, filin sukuwa da bargar dawakai ne suka tsira.

To ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Ranar da Christian na 6 ya raɗa wa fadarsa suna, akwai wani gini da ya riga ta amsa sunan Christiansborg da shekaru masu yawa, kuma a Afirka yake. A 1661 mutanen Danmak suka sayi fili a Osu daga hannun Sarkin Ga, Okaikoi, suka gina sansani a bakin teku, aka sa masa suna Christiansborg. Shi ne ginin da 'yan uwanmu na Nima da Sabon Zango suka sani da Osu Castle, a birnin Akra, wanda fatakenmu na da suke kira Ankara. Fiye da shekara 160 nan ce hedikwatar Danmak a gaɓar Gana. A sama gwamna da ma'aikatansa da ɗakin ibadarsu, a ƙasa kuma kurkukun da ake tara mutane kafin jirgi ya iso. Daga baya suka ƙara wasu sansanonin ta gabas: Fredensborg a Ningo, Kongensten a Ada, Prinsensten a Keta, Augustaborg a Teshie.

Sansanin Osu yana da labarin da ya kamata kowa ya sani. A 1693 wani ɗan kasuwar Akwamu mai suna Asameni ya zo da mutum kimanin 80, suka ce bindigogi suka zo saya. Da yake al'ada ce mai saye ya gwada kaya, aka miƙa musu. Ashe da harsasai suka zo a ɓoye. Kafin masu gadi su ankara an ƙwace sansanin, gwamna ya tsere da rauni zuwa sansanin mutanen Holan da ke kusa. Asameni ya saka kayan gwamna, ya kafa tutarsa, ya shafe kusan shekara guda yana ciniki da jiragen Turawa. A 1694 Danmak ta biya zinari aka mayar mata da ginin, amma mabuɗan ba a mayar ba. Har yau suna cikin kayan sarautar Akwamu.

Kada mu yi saurin yin guɗa, domin Akwamu ba don su hana cinikin bayi suka ƙwace sansanin ba. Su ne manyan masu kawo mutane gaɓar a wancan zamani, suna kai hari kan maƙwabtansu suna sayarwa. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe: a 1730 Akyem da ƙawayenta suka murƙushe daular Akwamu, aka sayar da jarumanta da 'ya'yan sarautarta ga Turawan da suka saba sayar wa wasu. Da yawa daga cikinsu suka tsinci kansu a Sankt Jan, ɗaya daga cikin tsibiran Danmak uku a yankin Karebiyan. A watan Nuwamban 1733 wasu daga cikinsu suka shiga sansanin sojan tsibirin ɗauke da dammunan itacen girki, adduna a ɓoye a ciki, suka kashe masu gadi, suka harba igwa don sanar da 'yan uwansu. Wajen wata shida mafi yawan tsibirin yana hannunsu, sai da aka kawo sojojin Faransa daga Martinique kafin a ci ƙarfinsu, kuma da yawa suka zaɓi kashe kansu a kan a sake kama su. Ku lura da shekarar. A 1733 ɗin nan aka fara ginin fadar Christiansborg a Kwapanhagan, a cikinta kuma Danmak ta sayi tsibirin Sankt Croix daga Faransa, wanda daga baya ya zama babban gandun rakenta.

A nan sai mu yi adalci, don ba kowane tsohon gini na birnin ba ne yake da jinin bawa a jikinsa. Gine-ginen da suka fi ba Kwapanhagan kamanninta na Sarki Christian na 4 ne, wanda ya yi sarauta daga 1588 zuwa 1648, kafin cinikin Afirka ya kankama. Shi ya gina fadar Rosenborg inda ake ajiye kambin sarauta. Shi ya gina Rundetårn, kewayayyar hasumiyar duban taurari da aka gama a 1642, wadda maimakon matakala aka yi mata hanya mai murɗewa sau bakwai da rabi, har Sarkin Rasha Peter ya hau ta a kan doki a 1716. Shi ya kafa unguwar Christianshavn a kan fadama, ya yanka mata magudanan ruwa irin na Amsterdam. Kuɗinsa mafi yawa daga fito suka zo. Tun 1429 duk jirgin da zai shiga ko ya fita daga tekun Baltik ta mashigin Øresund sai ya tsaya a Helsingør ya biya, igwogin sansanin Kronborg suna kallonsa, kuma kuɗin aljihun sarki suke shiga kai tsaye. Sai 1857 aka soke wannan haraji. Wato dai ƙofa ce Allah ya ba su, suka zauna a bakinta suna karɓa fiye da shekara 400.

Cikin gine-ginen wannan sarki akwai Børsen, tsohuwar kasuwar hada-hada da ke dab da Christiansborg, wadda aka gina tsakanin 1619 da 1640. Tsololuwar hasumiyarta wutsiyoyin dodanni huɗu ne a murɗe, a samansu kambi uku na Danmak da Norwe da Suwidin. Ta tsallake manyan gobarar birnin na 1728 da 1795, ta tsallake ruwan wutar da Ingila ta yi wa garin a 1807, har mutane suka riƙa cewa dodannin ne ke tsare ta. Ranar 16 ga Afrilun 2024, ana cikin yi mata kwaskwarima, wuta ta tashi, hasumiyar ta faɗo a idon duniya, masu wucewa suka riƙa shiga suna fito da zane-zanen da ke ciki. Tuni aka ɗaura aniyar mayar da ita yadda take. Mutanen nan ba sa wasa da tarihin da suke so su tuna, wannan kam a yaba musu.

Nyhavn ba za mu daɗe a cikinta ba. Mashigi ne da aka haƙa a farkon shekarun 1670, da ƙarfin sojoji da fursunonin yaƙi 'yan Suwidin, kuma ƙarni biyu da wani abu unguwar matuƙan jirgi ce da mashaya, kafin a wanke ta a yi mata fenti. Marubucin tatsuniyoyi Hans Christian Andersen ya zauna a gidaje uku a nan.

Abin da muke nema yana gaba kaɗan, a unguwar Frederiksstaden. An tsara ta a 1749 don bikin cikar gidan sarautar Oldenburg shekara 300 a kan gado, Nicolai Eigtved ne ya zana ta, tituna a miƙe, gidaje tsawo ɗaya. A tsakiyarta Amalienborg take: gidaje huɗu iri ɗaya da suka kewaye fili mai kusurwa takwas. Manyan fadawa huɗu aka gina wa, sai da Christiansborg ta ƙone a 1794 gidan sarauta ya saya ya tare, kuma har yau a nan suke. Mutum-mutumin Sarki Frederik na 5 a kan doki da ke tsakiyar filin kamfanin cinikin Asiya ne ya biya, ana kuma cewa ya fi gidajen huɗu tsada. Zamanin da aka gina unguwar nan shi ne wanda 'yan Danmak suke kira zamanin bunƙasar ciniki, lokacin da manyan ƙasashen Turai ke yaƙi da juna, Danmak kuma ta tsaya 'yar ba-ruwanmu tana yi wa kowa dako. Shayin Sin da yadin Indiya sun kawo kuɗi. Sukari ma ya kawo, kuma sukari ba ya zuwa sai da bawa.

A titin Amaliegade, lamba 18, dab da Amalienborg, akwai wani gida mai rawayan fenti da ake kira Det Gule Palæ. An gina shi tsakanin 1764 da 1767 don wani attajiri, Henning Frederik Bargum, wanda a daidai wannan lokaci ya karɓi sansanonin gaɓar Gana da cinikin bayin cikinsu a hannun gwamnati ya kafa kamfaninsa. Ɗaya daga jiragen kamfanin, Fredensborg, ya bar Kwapanhagan a 1767, ya ɗauki mutum 265 a gaɓar Gana, ya sauke waɗanda suka rayu a Sankt Croix, ya ɗoro sukari da katako da hauren giwa, ya nutse a gaɓar Norwe kusa da Arendal ranar 1 ga Disamban 1768. Takardun jirgin sun tsira, masu ninkaya kuma suka gano ɓaraguzansa a 1974, shi ya sa yana cikin jiragen bayin da aka fi sanin labarinsu dalla-dalla. Kamfanin Bargum ya karye bayan 'yan shekaru, gidan ya koma hannun gidan sarauta. A cikinsa aka haifi Gimbiya Alexandra a 1844, wadda ta auri Edward na 7 na Ingila. Wato matar sarkin da aka ci Kano da Sakkwato da sunansa a 1903, a gidan dillalin bayi aka yanke mata cibi. Wannan dai tsokaci ne a gefe.

Bargum ƙaramin alhaki ne idan aka kwatanta shi da Heinrich Carl Schimmelmann, wanda katafaren gidansa yake titin Bredgade, ana kiransa Odd Fellow Palæet yanzu. Bajamushe ne da ya yi arziki a yaƙi, ya zo ya zama mai riƙe da baitulmalin Danmak. A 1763 ya sayi gandayen rake huɗu na sarki a Karebiyan da babbar matatar sukari da ke Christianshavn, ya zama mai bayi kusan 1,000, babu wanda ya kai shi a daular. Bayan shekara biyar ya sayi masana'antar bindigogi ta Hellebæk. Ka ga ke nan kowace kusurwa ta cinikin yana da hannu a ciki: bindigarsa ake kai wa Afirka a sayi mutum, mutumin ya nome rakensa, raken ya zo matatarsa, sukarin ya shiga kasuwar Danmak da Norwe da doka ta kare masa daga gasar baƙi. Bindigogin nan sun bar suna har a wajenmu. Bindigar toka da mafarautanmu ke ɗurawa, wadda wasu ke ce wa harba-ka-ruga, a Turancin Najeriya da Gana "Dane gun" ake kiranta har gobe, wato bindigar mutanen Danmak.

Ɗansa Ernst Schimmelmann, wanda ya gaji gandayen ya kuma zama ministan kuɗi, shi ne ya jagoranci kwamitin da ya haifar da dokar 16 ga Maris 1792, wadda ta haramta safarar bayi a ƙarƙashin tutar Danmak. Da wannan doka ƙasar take alfahari cewa ita ce ta farko a Turai da ta yanke wannan shawara, kuma gaskiya ne ta riga Ingila da shekara 15. Amma a karanta dokar zuwa ƙarshe. Ba za ta fara aiki ba sai 1 ga Janairun 1803. A cikin shekaru goman da ke tsakani, gwamnati ta ba masu gandaye bashi don su ƙara sayen mutane, ta kuma sassauta haraji a kan mata, da nufin a tara isassun da za su riƙa haihuwar bayi a can ba sai an ƙara zuwa Afirka ba. Sakamakon haka shekarun nan goma suna cikin waɗanda aka fi jigilar mutane. Bautar kanta kuma ba a taɓa ta ba. Sai ranar 3 ga Yulin 1848, da dubban bayi suka kewaye sansanin Frederiksted suka ce ko 'yanci ko wuta, Gwamna Peter von Scholten ya shelanta cewa kowa ya 'yantu. A ganina wanda ya kamata a jinjina wa a wannan rana su ne masu kewayen, domin gwamnatin Kwapanhagan shekara goma sha biyu ta ce su ƙara jira. Jimillar mutanen da jiragen Danmak da Norwe suka kwasa daga Afirka ta haura 100,000. Kusa da miliyoyin Fotugal da Ingila adadin kaɗan ne, amma ga ƙasa mai ƙanƙanta irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da cinikin ya mutu, sansanonin Gana suka zama kaya a ka, Danmak ta sayar wa Ingila su duka a 1850 a kan fam 10,000. Christiansborg ta Osu ta zama mazaunin gwamnan mulkin mallaka. Ita tsofaffin sojojin yaƙin duniya na biyu suka nufa da takardar kokensu ranar 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe uku daga cikinsu a mararraba, abin da ya kunna wutar neman 'yancin Gana. Nkrumah ya zauna a cikinta, Rawlings ya daɗe a cikinta, sai 2013 fadar shugaban ƙasa ta tashi daga nan. Shekara da shekaru ke nan ƙasashe biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Afirka, ana mulkinsu daga gine-gine biyu masu suna ɗaya. Tsibiran Karebiyan kuwa an sayar wa Amurka su a 1917 a kan dala miliyan 25 na zinari, ba tare da an tambayi mazaunansu ba. A bikin cika shekara 100 da cinikin, Firaminista Lars Løkke Rasmussen ya je Sankt Croix ya amsa cewa abin kunya ne, amma bai nemi gafara a hukumance ba.

Zangonmu na ƙarshe yana bakin ruwa, bayan Amalienborg, a kan hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi zuwa wajen 'yar ruwa. Wani dogon sito ne na jan bulo, Vestindisk Pakhus, wanda C.F. Harsdorff ya zana aka gina a 1780 zuwa 1781 don ajiye sukari da barasar rake da sauran kayan Karebiyan. Yanzu kwafin gumakan Girka da Rum aka tara a ciki, a ƙofarsa kuma akwai kwafin tagulla na gunkin Dauda na Michelangelo. Ranar 31 ga Maris 2018 aka kafa wani mutum-mutumi mai tsawon mita 7 a gefensa: baƙar mace a zaune a kan kujera, bakin wuta a hannu ɗaya, addar saran rake a ɗayan. Masu fasaha biyu ne suka yi shi, Jeannette Ehlers 'yar Danmak da La Vaughn Belle 'yar Sankt Croix, suka kuma gina dakalinsa da duwatsun murjani da bayi suka sassaƙo daga teku don harsashin gine-ginen tsibirin.

Matar ita ce Mary Thomas, wadda mutanenta ke kira Sarauniya Mary. Bayan 'yancin 1848 an kafa dokar ƙwadago da ta ɗaure tsofaffin bayi a gandayen da suke, a kan lada ƙalilan, ba su da ikon sauya ubangida sai rana ɗaya a shekara, 1 ga Oktoba. A wannan rana ta 1878 haƙuri ya ƙare, aka ƙone rabin garin Frederiksted da gandaye kusan 50, Mary tana cikin matan da suka ja gaba. An yanke mata hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, a 1882 aka kawo ta kurkukun mata da ke Christianshavn, unguwar da ake tace sukarin da ta yi rayuwarta tana sarar rakensa. Daga inda aka kafa mutum-mutuminta, in ka dubi hayin ruwa, kana hango unguwar.

Da yake kuɗin tagulla bai samu ba, da wani abu marar nauyi aka yi shi, na wucin gadi. A watan Disamban 2020 guguwa ta lalata shi, aka ɗauke abin da ya rage. Hukuma ta amince a kafa na dindindin a wurin, aka shiga neman kuɗin zuba shi da tagulla. Gunkin Dauda da ke gefe, wanda tun asali na tagulla ne, guguwar ba ta yi masa komai ba.